Firizar da ta rantse tana kan −18

Firizarmu ba mutuwa ta yi ba, ƙarya ta koya. A jikin ƙofarta akwai ɗan gilashi mai nuna lamba, kuma tun da muka saye ta −18 yake nunawa, wato sanyin da ake so nama ya zauna a ciki. Wata Asabar da safe uwargida ta buɗe za ta ɗauko kaza, sai ta ji kaza ta yi laushi tiɓis, ruwa-ruwan jini na tsiyaya a ƙasan aljihu. Lamba kuwa tana nan daram, −18.

"Baban Hafsa, zo ka ga ikon Allah."

Ku tuna fa a Jos muke, cikin Janairu, lokacin da mutum kan yi shawara da zuciyarsa kafin ya taɓa ruwan alwala. Na zura hannu cikin firiza, na fita tsakar gida na ɗaga shi, wallahi tsakar gida ta fi sanyi. Daren nan a baranda uwargida ta jera robobin zoɓon da take sayarwa, kuma cikin masu saye ba wanda ya kawo ƙara.

Mai gyaran da na kira ko jaka bai ajiye ba ya ce, "Alhaji, gas ne." Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma na san duk ranar da mai gyara ya naɗa maka Alhaji, kuɗin aiki ya riga ya hau. A garin nan firji in ya yi ƙara gas ne, in ya yi shiru gas ne, in ƙofa ta ƙi rufuwa ma sai a fara duba gas. Ya ɗura, ya karɓi nasa, ya ce kafin la'asar za ta daskarar da dutse. La'asar ta yi, magariba ta wuce, kwamfiresa, wato injin da ke kawo sanyin, ya tashi ya yi ɗan gurnani ya koma barci. Maƙwabcina ya ce a kai mata mari a gefe, tasa haka take ji. Na kai mata, har da ƙari.

Ana cikin haka ɗan yayata da ke koyon aikin lantarki ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna ya kasa kunne a bayan firiza kamar minti nawa, sannan ya ce, "Kawu, da gas ne ya zube, injin nan ba zai huta ba, sai ya yi ta aiki sanyi bai zo ba. Wannan kuwa hutawa yake yi. Wani ne ke gaya masa aiki ya ƙare."

Na ce wane munafukin?

Ya zare filogi, ya kwance murfin da ke can ƙuryar firiza, ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino da siraran wayoyi biyu a gindinsa. Sensa ke nan. Ita ke jin sanyi ta kai rahoto ga bod, wato allon lantarkin da ke sarrafa firizar, bod kuma ya umarci kwamfiresa ya tashi ko ya kwanta. Yadda ya yi mini bayani, in sanyi ya ƙaru lambar da take bayarwa a mitar awon lantarki hawa take yi, in ɗumi ya zo ta sauka. Irin tamu a zafin digiri 25 ya kamata ta ba da kilo-om 5 (sunan ma'aunin ke nan), a ruwan ƙanƙara kuma ta haura 13. Ya ɗora mata bakin mita, ta ba da wajen 50. Ya dunƙule ta a tafin hannu har ta yi ɗumi, 50 ɗin dai. Ita a lissafinta tun tuni muna tsakiyar ƙanƙara, shi ya sa bod ya sallami injin.

Ni dai a nan na gamsu, amma yaro ɗan makaranta ne, ya ce sai an gwada da ruwan ƙanƙara. Gidan da firiza ta lalace ina zai samu ƙanƙara? Haka na fita da jibgegiyar rigar sanyi da hular kunne, kofi a hannu, ina bin gidaje ina sallama. Wata dattijuwa ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ƙanƙara? A wannan hunturun? Lafiya dai ko?"

Na ce gwaji za mu yi. Ta ba ni, ta bi ni da addu'ar Allah ya sawwaƙe, irin wadda ake yi wa wanda ba firizarsa kaɗai ta samu matsala ba. Aka tsoma sensa, lamba ko gezau.

Muka nufi kasuwar Dilimi neman sabuwar sensa. Mai shago ya miƙo wata, ya ce duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Yaro ya fito da mita a gabansa ya auna, ashe mai 10 ce. Da mun ɗaura ta a gurbin mai 5, ita ma rahoton sanyin da babu za ta riƙa kaiwa, mu koma gidan jiya. Mai shago ya ɓata rai, ya shiga ciki ya yi ta bincike har ya fito da daidai. Kuɗinta bai kama ƙafar abin da na biya na gas ba. Wannan lissafin ban kawo shi gida ba, uwargida ce ta yi kayanta, kuma a gaban yara.

Kafin sanyi ya dawo, naman da ya narke ba ya komawa firiza, don haka ta ɗora kasko. Ƙamshi ya tsallake katanga, sai ga masu zuwa jaje. Aka yi ta ƙullawa a leda ana miƙawa, dattijuwar ƙanƙara ta samu cinyar kaza guda, mai shawarar mari ya tafi da hanta. Yanzu in na fito masallaci da asuba shi ke fara tare ni, kafin ma ya tambayi iyali.

"Malam, ya jikin firiza?"

In na ce da sauƙi, sai in ga fuskarsa ta canza.