Atamfa ba a nan ta samo asali ba

Abin nan yana ɗan damuna, kullum sai ka ji ana cewa atamfa ita ce tufar kakanninmu. Ban ga laifin masu faɗa ba, tunda mun taso mun ga iyayenmu mata da ita, biki da suna duk ita ce.

Amma asalinta daga Indonesiya ne. Can suke rini da kakin zuma, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, kasuwar Indonesiya bata karɓa sosai ba sai aka juyo da kayan Afirka ta Yamma. Kamfanin Vlisco mai yin holandis tun 1846 yake, kuma har yau a Holan yake bugawa. Masu arahar da ke kasuwar garin Garwa na Kamaru kuwa yawanci daga Sin suke, duba bakin zanen ki gani.

Namu na gado saƙi ne na hannu da rinin baba. Shi yasa Imane Ayissi, ɗan Kamaru da ya shiga babban nunin ɗinki na Faris a 2020, baya aiki da atamfa, saƙin Afirka yake nema ya ɗinka.