Masu sa-kai na iya ceto rayuka, amma kada gwamnati ta fake da su

A shekarar 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabwe, Dixon Chibanda, ya sa aka ajiye benci a harabar ƙananan asibitocin birnin Harare, aka horar da tsofaffin mata su zauna su saurari masu fama da damuwa. Ba su rubuta magani. Zama shida suke yi da mutum, ya faɗi abin da ke cin ransa, su taimaka masa ya zaɓi matsala ɗaya ya fara da ita. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa sakamakon gwajin da aka yi, inda ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da waɗanda aka bari da kulawar da aka saba.

Wannan labari ya yi wa gwamnatoci daɗi, kuma daɗin nan ne yake ba ni tsoro.

Babu shakka ana bukatar irin wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, alhali abin da ƙasashe ke ware wa wannan fanni bai wuce kusan kashi 2 cikin ɗari na kasafin lafiya ba. Ko yau aka fara yaye likitoci babu ƙaƙƙautawa, ba za su wadatar ba.

Masu jego ne suka fi shiga wannan rami ba tare da an lura ba. Hukumar ta ce kimanin kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu na kamuwa da lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20. Yawan kuka da rashin sukuni na kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka, har mace ta daina jin daɗin komai, ta kasa barci ko da jaririn ya yi barci, ta riƙa ganin kanta a matsayin uwar da ba ta cancanta ba, wannan ciwo ne. Matsalar ita ce ba za ta faɗa ba. Kowa na zuwa barka, idon kowa na kan jariri, ita kuma tana tsoron a ce ba ta gode wa Allah ba. Wa zai gane? Sai wadda ke shiga ɗakinta a kai a kai, ta kuma san irin tambayar da za ta yi. Haka aka yi a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda aka koya wa ma'aikatan lafiya mata masu bi gida-gida dabarun tattaunawa da masu ciki da masu jego. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida da haihuwa, masu ciwon damuwa a cikin waɗanda aka kula da su ta wannan hanya ba su kai rabin na rukunin da ba a bi wannan hanya da su ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin horaswa.

A ɓangaren shaye-shaye kuwa, abin ya daɗe. Tun 1935 aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Amurka, inda masu neman barin giya ke riƙe juna. Asibiti na iya fitar da mutum daga maye, amma bayan an sallame shi abokan da ya bari suna nan, kuma tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan koma ruwa. Wanda ya taɓa shiga ya fita ya fi kowa sanin ranar da ya kamata ya buga waya.

Sai dai akwai iyakar da mai sa-kai bai isa ya tsallaka ba. Cikin kowace haihuwa dubu, mace ɗaya ko biyu kan kamu da taɓin hankali mai tsanani, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, wannan kuma asibiti yake bukata a ranar. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, idan ya yanke ta lokaci guda, yana iya farfaɗiya har ya mutu. Wanda ya daina ƙwayoyi dangin hodar heroin na ɗan lokaci, idan ya koma ya sha adadin da ya saba, shi ma ransa na cikin haɗari. Kyakkyawar niyya ba ta maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da ake mantawa shi ne, tsofaffin Harare da matan Rawalpindi an horar da su, akwai masu duba aikinsu, akwai kuma inda suke tura wanda ya fi ƙarfinsu. Duk gwamnatin da ke son kwaikwayonsu, sai ta sa kuɗin horo da alawus ɗin ma'aikatan cikin kasafi, ta kuma tanadi ma'aikacin jinya da magani a asibiti mafi kusa, wanda zai karɓi mara lafiya a ranar da aka turo shi.