Matan Chicago na 1893, da ƙofar da suka rufe a bayansu

Duk lokacin da aka kafa kwamitin wani taro aka ce "mata, ku ne da abinci da tarbar baƙi", sai Bertha Palmer ta faɗo min a rai. Ko a makon jiya an yi min haka a wani zama, na karɓi takardar na yi shiru.

A 1893 Amurka ta yi babban baje kolin duniya a Chicago, don cikar shekara 400 da zuwan Columbus. Wata shida ana yi, daga Mayu zuwa Oktoba, an kuma ƙirga shiga wajen miliyan 27. A lokacin galibin mata ba su da ƙuri'a a zaɓen ƙasa, sai a 1920 aka ba su a faɗin ƙasar. Amma mata irin su Susan B. Anthony, mai fafutukar 'yancin mata, suka yi ta kai koke majalisa, har dokar 1890 da ta kafa bikin ta tanadi hukumar mata ta musamman, mai wakilai fiye da ɗari daga jihohi. Maza sun ɗauka kwamitin ado ne, a ba su kujeru su yi shiru. Sai aka zaɓi Bertha shugaba, matar attajirin nan mai otal ɗin Palmer House, kuma ba ta zo zaman dumama kujera ba.

Ta tsallaka Turai tana bin gidajen sarauta da fadojin gwamnati, ta sa aka kafa kwamitocin mata a ƙasa bayan ƙasa don su aiko da aikin hannun matansu. Ta samo wa mata gininsu na kansu a filin bikin. A ciki aka tara littattafai dubbai waɗanda mata suka rubuta. Mary Cassatt ta zana katafaren hoto a bangon zauren. Hukumar ta sa aka buga kwabo mai hoton Sarauniya Isabella ta Sifen, suna sayarwa suna tara kuɗi. A ranar ƙaddamarwa, Oktoba 1892, Bertha ta tsaya gaban manyan ƙasa ta ce abin da ya fi gano Amurka da Columbus ya yi muhimmanci shi ne gwamnati ta gano mace. Wallahi har yau maganar tana burge ni.

To amma ni ba yabo kaɗai na zo yi ba.

Wadda ta zana ginin matan, Sophia Hayden, matashiya ce, bai daɗe da ta gama karatun zanen gine-gine a jami'ar MIT ba. Ta ci gasar zanen ginin, aka biya ta dala 1,000, alhali maza masu irin aikinta ana ba su dala 10,000. Wannan laifin zamanin ne, na yarda. Wanda ya fi min ciwo na cikin gida ne. Matan masu kuɗi suka yi ta aiko da kayan ado, wannan ta ba da ginshiƙi, waccan ta ba da ƙofa, Bertha kuwa ta ce dole a cusa su duka a ginin don kada a ɓata wa kowa rai. Yarinya ta ce hakan zai lalata mata zane. Sai aka janye ta daga aikin cikin ginin aka miƙa wa wata. Matsin ya yi mata yawa har ta kwanta jinya, maza kuma suka samu abin faɗi, wai dama mace ba za ta iya ba. Ta rayu har 1953, ba ta sake gina ko ɗaki ɗaya ba.

Sannan ga baƙaƙen mata. Sun nemi kujera a hukumar, ko da guda ce, ba a ba su ba. Shekara 28 kacal da soke bauta fa. An gwammace a faranta wa wakilan jihohin kudu. A wannan filin kuma aka kafa "ƙauyen Dahomey", aka kwaso mutane daga nan Afirka ta Yamma ana biyan kuɗi ana kallonsu kamar abin mamaki.

Wasu za su ce a yi wa Bertha uzuri, da ta matsa da an rushe hukumar gaba ɗaya. Wataƙila. Amma matar da ta iya shawo kan sarauniyoyin Turai da 'yan majalisar Washington, ban yarda kujera ɗaya ta gagare ta ba. Ba ta so ba ne kawai.

Ida B. Wells, 'yar jarida baƙar fata, ba ta tsaya roƙo ba. Ita da Frederick Douglass, tsohon bawa da ya yi fice a yaƙi da bauta, da wasu suka rubuta ɗan littafi suna bayyana dalilin da ya sa babu baƙaƙen fatar Amurka a bikin. Ƙasarta ba ta ba ta wurin tsayawa ba, sai ta samu gindin zama a rumfar ƙasar Haiti, inda Douglass yake wakilci. A can ta riƙa miƙa wa baƙi littafin hannu da hannu, kwafi dubbai, a cikin filin da aka gina wa mata fada.