A duba birki kafin a duba takarda

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Duk lokacin da aka tashi kamen babura a garin nan, tambayoyin ba sa canzawa: ina permi (lasisin tuƙi), ina kart giriz (takardar rajistar moto), ina asirans (inshora)? Wanda bai da su, moto ta kwana furiya, inda ake ajiye abin hawan da aka kama. Ban ƙi ba, doka ce. Amma yaushe aka taɓa ce wa mai moto ya danna birki a gani?

Ku tsaya bakin Kasuwar Dole bayan magariba ku kalli abin da ke wucewa. Moto babu fitilar baya, taya ta cinye ta yi sumul, kaca ta saki tana ƙara. Madubi kuwa samari da hannunsu suke cire shi, wai gayu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne birkin gaba: waya ta tsinke, mutum ya ci gaba da aiki da na baya kaɗai. Ga kwaltarmu kullum da yashi a kanta. Ka taka birkin baya da ƙarfi bisa yashi, moto ta zame, kai da fasinja sai babban asibiti, takardunka cif a aljihu.

Permi na ajin A ma, wato na moto, nawa ne cikinmu suka zauna oto-ekol, makarantar koyon tuƙi? Yawanci a lungu yayanka ya koya maka. A ganina, ko an ba mutum permi, ya kamata bayan 'yan shekaru a sake gwada idonsa, don ido na raguwa mai shi bai sani ba.

Sai dai a yi wa ɗan kabu-kabu adalci. Kullum sai ya kai wa mai moto kuɗinsa, ga mai, kuma tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 man kwalba ya daina araha. In aka ɗora masa bizit teknik, wato binciken lafiyar moto, mai tsada a ofis mai nisa, wallahi takardar zai nema ta bayan fage, ba wanda zai kalli babur ɗin. A kai binciken tashoshinsu, a Zango, Garin Malam, Kara-Kara. 'Yan sandika, wato ƙungiyarsu, su zo da makanikai, a duba birki, taya da fitila, a manna alama, kuɗin kada ya wuce abin da mutum ke samu a wuni.

Kuma kada a tsaya kan 'yan kabu-kabu. Ma'aikaci mai ɗauko yara uku daga lakwal, da ɗan kasuwa mai ɗaure buhu biyu zuwa Mirriya, su ma a jera baburansu a layin.