Nagasaki ce ta karya hujjar larura

Ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta, 1945, dubban 'yan makaranta na kan titunan birnin Hiroshima na ƙasar Japan suna taya rushe gidaje domin hana gobara yaɗuwa idan an kawo hari. Wani kuma na zaune a matakalar banki yana jiran a buɗe. Da jirgin yaƙin Amurka mai suna Enola Gay ya saki bam ɗinsa na nukiliya, inuwar mutumin kawai aka tarar a jikin dutsen. Kafin shekarar ta ƙare, kimanin mutum 140,000 sun mutu.

Masu kare Shugaba Truman na Amurka, wanda a ƙarƙashinsa aka jefa bam ɗin, suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. An ga irin jinin da aka zubar a yaƙin tsibirin Okinawa, shugabannin sojin Japan sun yi kememe sun ƙi miƙa wuya, mamaye ƙasar kuwa zai ci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Saboda haka, in ji su, larura ce.

To, mu da muka zauna gaban malaman zaure mun san yadda ake maganar larura. Wanda yunwa ke shirin hallakawa an yarje masa cin mushe, amma da zarar ya sami halal sai ya jefar. A nan ne Nagasaki, birnin da aka jefa wa bam na biyu, ta tsaya mini a wuya. Kwana uku kacal tsakani! Mahukuntan Tokyo ba su gama tantance abin da ya faɗa wa Hiroshima ba. Ranar 8 ga wata Tarayyar Soviet ta ayyana yaƙi a kan Japan, washegari dakarunta suka kutsa Manchuria, yankin China da Japan ta mamaye, wanda hakan kaɗai ya rufe ƙofar sulhun da Japan ke fata ta hannun Moscow. Me zai hana a dakata mako guda a gani? Ba a dakata ba. Birnin Kokura ma aka nufa, gajimare da hayaƙi suka rufe shi, jirgi ya juya zuwa Nagasaki. Mutum kusan 70,000 suka tafi saboda yanayin samaniya.

Ba 'yan adawa kaɗai suka ga haka ba. Admiral William Leahy, babban hafsan da ke kusa da Truman, ya rubuta daga baya cewa makamin bai taimaka da komai ba, domin Japan ta riga ta sha kashi. Janar Eisenhower ma ya ce ya nuna rashin amincewarsa.

Kuma larurar ba ta ƙare da yaƙin ba, yau ƙasashe tara ke riƙe da makamin, kowacce da uzurinta. Faransa ba a gidanta ta fara gwada nata ba, a Reggane ta yi, cikin Saharar Aljeriya, a watan Fabrairun 1960. Da ta ƙi dainawa, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairun 1961, Najeriya na da wata uku da samun 'yanci.