Ranar da Hajiya Ta Rufe Gwamnati

A unguwar Bronx ta birnin New York akwai wani ɗan shagon abinci da Hausawa ke taruwa bayan isha'i. Daren Litinin ne, 10 ga Nuwamban 2025, kwana 41 ke nan gwamnatin tarayyar Amurka tana rufe. Bakano ya riga ya tashi da malmala huɗu yana sakace. Ɗan Boko na latsa waya. Jauro, wanda makonsa biyu da sauka, ya ƙura wa talabijin ido. Sai ga Bazazzagi ya shigo da kayan aiki a jikinsa, yana jan ƙafa.

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Hajiya, a zubo tuwon shinkafa malmala uku da miyar kuka, a sa nama, a rubuta a littafi.

HAJIYA: Wa'alaikumus salam. Littafin ya cika, Ɗan Zazzau. Tun shekaranjiya a jikin kalanda nake rubuta naka.

BAZAZZAGI: Haba Hajiya, kin san ba halina ba ne. Kullum tun asuba ina filin jirgin sama ina laluben jakunkunan mutane, amma tun da aka rufe gwamnati aikin Allah da Annabi nake yi.

BAKANO: Bawana ke nan! Ya baro Zariya wai albashi na makara, ya tsallako teku ya iske babu shi ɗungurungum.

BAZAZZAGI: Alhaji, ka bari in ci tukuna. Ba a zagin Bakano da yunwa, ba ya fita da kyau.

JAURO: Ku tsaya mini. Tun da na sauka nake jin an rufe gwamnati, an rufe gwamnati. Soja ne suka yi juyin mulki?

ƊAN BOKO: Babu soja ko ɗaya, Baffa. Shekarar kuɗi a nan tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba. In ranar ta zo majalisa ba ta amince da kuɗin da za a kashe ba, doka ta hana a taɓa baitulmali. Wasu ma'aikata a ce su zauna gida, wasu irin Ɗan Zazzau a ce dole su zo aiki, biya sai ranar da aka buɗe. A zangon Trump na farko an yi ta kwana 35. Wannan ta riga ta wuce waccan, ita ce mafi tsawo a tarihin ƙasar.

JAURO: To su 'yan majalisar da suka rufe, su ma babu albashin?

ƊAN BOKO: Su nasu yana shiga. Dala 174,000 a shekara.

JAURO: Aradu makiyayi ya ƙoshi, shanu ne ke azumi. To wa ke riƙe da makullin?

BAKANO: Mutanen jaki.

BAZAZZAGI: Mutanen giwa.

JAURO: Dabbobi ne ke mulkin?

ƊAN BOKO: Alamun jam'iyyu ne. Republican, jam'iyyar Trump, giwa. Democrat, jaki. Wani mai zanen barkwanci, Thomas Nast, shi ya yayata su a jarida tun wajajen 1870, suka bi su har yau.

BAKANO: Ni dai ba sai an tambaye ni ba. Kano ta Dabo tumbin giwa. Wanda aka haifa a tumbi ai ba ya barin giwa.

BAZAZZAGI: Ikon Allah. Duniya kaf ta san jakin Kano, amma yau ka yi masa butulci. Shi ya yi ta ɗauko muku kaya zuwa Kurmi shekara da shekaru, ka samu tasi a Amurka ka manta da shi.

HAJIYA: Alhaji, kai da ko katin zaɓe ba ka da shi.

BAKANO: Ra'ayi ai ba ya buƙatar kati, Hajiya.

JAURO: Malam, kai ne mai karatu. Wa ya fi yawa a cikinsu?

ƊAN BOKO: Giwa. Fadar White House tasu, majalisar wakilai tasu, a majalisar dattawa kuma suna da kujera 53 cikin 100.

JAURO: To su buɗe mana.

ƊAN BOKO: Ba sa iyawa. Kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, sai mutum 60 sun yarda. Saura bakwai ke nan, kuma bakwai ɗin suna hannun su Chuck Schumer, jagoran sanatocin jaki.

JAURO: Wato ina da shanu 53, kana da 47, amma ba na kora garke rafi sai ka ce to?

ƊAN BOKO: Ka gane ta fiye da wasu 'yan jarida.

JAURO: Su masu 47 ɗin me suke nema?

BAZAZZAGI: Gaskiya suke nema! Tallafin inshorar lafiya na Obamacare zai ƙare ranar 31 ga Disamba. In bai samu ƙarin wa'adi ba, mutum sama da miliyan 20 za su ga kuɗin inshorarsu ya tashi, na wasu har ya ninka. Jaki ya ce a gyara wannan tukuna, sannan a buɗe.

BAKANO: Giwa kuma ta ce a buɗe tukuna, sannan a zauna a yi magana. Wa ke ciniki shago na kulle? Sau 14 John Thune, jagoran sanatocin giwa, yana kawo takardar kasafi ɗaya gaban dattawa, sau 14 suna mayar masa. Ni da ni ne, shawarar Trump zan bi, a soke dokar 60 ɗin nan kowa ya huta.

HAJIYA: Tsaya, maimaita. Wani ya ce a biya sannan a buɗe, wani ya ce a buɗe sannan a biya?

ƊAN BOKO: Kusan haka ne, Hajiya.

HAJIYA: Ashe ni da Ɗan Zazzau majalisar dattawa muke yi ban sani ba.

Ta ɗauki murfi ta kifa a kan tukunyar tuwo, ta ɗora muciya a kai, ta harɗe hannu.

HAJIYA: Daga yanzu gwamnatin wannan shago a rufe take. Maƙwabciyata mai 'ya'ya huɗu ta yi kwanaki tana duba katin tallafin abinci babu komai a ciki, irinta kuma an ce sun kai miliyan 42. In Amurka da girmanta za ta rufe tukunya, wace ce ni?

BAZAZZAGI: Hajiya, don girman Allah! Doka ta tanadi a biya mu duk bashin albashi da zarar an buɗe. Tun 2019 aka yi dokar.

HAJIYA: To dokar ta zo ta ci tuwo. Ku huɗu ne, ku kaɗa ƙuri'a. Kashi 60 cikin 100 nake so.

ƊAN BOKO: Kashi 60 na mutum huɗu, mutum biyu ke nan da ɗan gutsure.

BAKANO: Gutsuren shi ne Bazazzagi.

ƊAN BOKO: A taƙaice sai an samu uku.

BAZAZZAGI: Ni na ce a buɗe!

BAKANO: Ni na ce a'a.

BAZAZZAGI: Kai da ka cinye malmala huɗu yanzun nan?

BAKANO: Shi ya sa nake iya tsayawa a kan aƙida. Kuma ina goyon bayan dokar 60 ɗari bisa ɗari, ita ke kare marasa rinjaye.

BAZAZZAGI: Ba yanzu ka ce a soke ta ba?

BAKANO: Ɗazu ina cikin masu rinjaye.

ƊAN BOKO: Kada ka ga laifinsa, haka ake yi. A 2022 mutanen jaki ne ke da majalisa, su ne suka nemi a sassauta dokar, sanatocinsu biyu, Manchin da Sinema, suka ƙi. Yau su ne suka rungume ta kamar jariri. Thune kuma ya ƙi bin Trump a soke ta, don ya san wata rana shi ne zai koma mai 47.

BAZAZZAGI: To Baffa, kai fa? Ka taimaki ɗan'uwanka Musulmi.

JAURO: Ba na ƙuri'a sai an sa fura da nono a cikin kasafin.

HAJIYA: Ina zan samo maka nonon shanu a Bronx da daren nan?

JAURO: To a ci gaba da rufewa.

BAZAZZAGI: Mako biyu kacal, har ya zama sanata. Malam, saura kai.

Ɗan Boko ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya. Duk wanda ya san shi ya san an shiga uku.

ƊAN BOKO: Kafin in bayyana matsayina, ya kamata mu waiwayi tarihi. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana magana don ya tare dokar 'yancin baƙar fata. A 2013 Ted Cruz ya yi awa 21 yana sukar Obamacare, har littafin tatsuniyar yara ya karanta wa majalisa. A bana Cory Booker ya yi awa 25 a tsaye, ko bayan gida bai zaga ba...

BAZAZZAGI: Malam, tuwon na hucewa.

ƊAN BOKO: Ban ba ka dama ba. In muka koma kan asalin shinkafa kuwa...

Yana cikin haka Bakano ya lallaɓa ya kama kujerar Bazazzagi, da shi a kai, ya ja ta har bakin ƙofa.

BAZAZZAGI: Kai, lafiya?

BAKANO: Sabuwar taswirar mazaɓu. Yanzu kai ɗan mazaɓar titi ne, ba ka da ƙuri'a a nan. Haka giwa ta yi a Texas, ta sake shata iyaka don ta ƙara kujera biyar.

BAZAZZAGI: Ai kuwa California ta rama a zaɓen makon jiya, ita ma biyar take hari.

Ya tashi ya kama kujerar Bakano ya tura ta bakin banɗaki.

JAURO: Mu a wajenmu shanu ke bin makiyayin da suka sani. Nan kuma makiyayi ke zagayawa yana zaɓen shanun da za su zaɓe shi.

HAJIYA: Ku mayar mini da kujeru kafin in kira 'yan sanda, su ba a rufe su ba. Malam, zauna. Ni na ji a rediyo wai jiya da dare an samu 60 ɗin ma.

ƊAN BOKO: Da kun bar ni, nan zan iso wajen ƙarfe uku na dare. An samu. Sanatoci takwas daga ɓangaren jaki suka tsallaka, bakwai 'yan jam'iyya da Angus King mai zaman kansa. Ɗaya daga ɓangaren giwa kuma ya ƙi, aka tashi 60 da 40 cif.

JAURO: Madalla. An ba su tallafin lafiyar ke nan.

ƊAN BOKO: A'a. An yi musu alkawarin za a kaɗa ƙuri'a a kansa a Disamba. An kuma yarda a mayar da ma'aikatan da aka kora lokacin rufewar.

BAKANO: Alkawarin za a ci ƙuri'ar?

ƊAN BOKO: Alkawarin za a kaɗa ta.

BAKANO: Innalillahi. Kwana 40 kana cewa albarka, ranar ƙarshe ka sallama a kan alkawari? Yaron shagona ya yi mini wannan ciniki a Kwari, a ranar zai koma ƙauyensu.

ƊAN BOKO: Shi ya sa 'yan jam'iyyar ke ta cin wuyan juna. Wasu na cewa ga shi mun ci kujerar gwamna a New Jersey da Virginia ranar Talata, ga Zohran Mamdani ya ci magajin garin nan, lokacin da iska ke kaɗawa wajenmu ne za ku saki? Takwas ɗin kuma na cewa mutane na jin yunwa, an fara rage tashin jirage a manyan filaye 40, kuma Trump ba shi da niyyar motsawa. Schumer bai bi su ba, amma duk da haka ana cewa ya sauka. A Maris ya ba da ƙuri'a don kada a rufe, aka zage shi. Yanzu ya hana, ana zaginsa.

HAJIYA: Kai Ɗan Zazzau, kai da ke jaki, wane ɓangare kake?

BAZAZZAGI: Kaina yana tare da masu cewa a dage. Cikina kuwa tun mako na biyu ya sauya sheƙa.

JAURO: To gobe za a biya ka?

ƊAN BOKO: Da saura. Sai majalisar wakilai ta amince, kuma kakakinta Mike Johnson ya sallame su gida tun 19 ga Satumba. Yanzu sai sun hawo jirgi sun dawo Washington.

BAZAZZAGI: Jirgi? Allah Ka kawo su layina. Tun Yuli aka daina sa fasinja cire takalmi, amma su har safa sai sun cire.

ƊAN BOKO: Kuma buɗewar ma ta wucin gadi ce, yawancin ma'aikatu zuwa 30 ga Janairu kawai.

HAJIYA: To ni ma na bi sahu. Jauro, gobe zan nemo maka nonon kanti.

JAURO: Na amince.

ƊAN BOKO: Ni ma na janye jawabina, yunwa ta kama ni.

HAJIYA: Uku ke nan. An buɗe, zuwa 30 ga Janairu.

Ta ɗage murfi, ta ɗebo malmala ɗaya, ta zuba miya, ta tura gaban Bazazzagi. Ya sa cokali ya juya miyar, ya sake juyawa, ya ɗaga kwanon ya duba ƙarƙashinsa.

BAZAZZAGI: Hajiya, naman fa?

HAJIYA: An yi maka alkawari za a kaɗa ƙuri'a a kansa a Disamba.

BAKANO: Hajiya, rubuta tawa tun yanzu. A'a.