Kukan Isolde ba baki

Tun da na zo Jamus na zauna a Munich akwai musun da har yau ba mu gama ba ni da abokaina na nan, a kan ƙarshen opera (wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa) ɗin mai tsara kiɗa Wagner, Tristan und Isolde, wanda a garin nan aka fara yin sa a 1865. Wurin da Tristan ya cika a hannun masoyiyarsa Isolde, ita kuma ta tsaya kan gawarsa tana waƙa har rai ya yi halinsa. Na je na kalla da idona, wajen awa huɗu, makaɗa birjik, kuma ya yi kyau ba ƙarya.

Amma wallahi wanda makaɗi Franz Liszt ya mayar kan fiyano a 1867 ya fi taɓa min zuciya, mutum ɗaya, hannu biyu, minti bakwai haka, ba murya. Su cewa suke ai an cire wa Isolde baki, me ya rage. Ni kuwa kunnen gida gare ni, mu da muka taso muna jin kalangu na kiran sunan mutum yana masa kirari ba wanda ya buɗe baki, mahauta sun san takensu, ɗan dambe da ya ji nasa tsuma zai kama shi, to don me zan ce sai da kalma kafin in gane mace na kuka?

Kuma aikin ba wasa ba ne fa, don fiyano da ka danna sautin ya fara mutuwa ke nan, ba kamar goge ba da mai shi zai ja ya riƙe yadda ya so. Sai Liszt ya sa yatsu suna karkarwa da sauri tsakanin maɓallai don kar sautin ya yanke, abin ya dinga haɗuwa kamar hadarin Agusta, ya taso ya lafa ya sake tasowa, kana jiran ya sauke ya ƙi, sai can dab da ƙarshe ya ɓarke.

Abin da har yanzu ke min nauyi shi ne shirun zauren da na ji an kaɗa na fiyanon. A gida da tuni an rangaɗa guɗa, wani ya tashi ya yi wa makaɗi liƙi. Nan kowa ya kame a kujera, ni ma na kame, hawaye na zuba, har mai fiyanon ya ɗaga hannunsa.